Ƙusar Malam Mudi

Ranar da Zakiyyu ya fara ganin Na'ima, tana tsaye ne a tsakar gidansu da ke Ketaren Gwari, riƙe da tsintsiya, tana korar tsuntsaye. An kira shi gyaran ƙyaure, domin shi mai walda ne. Ƙira kuwa gadon gidansu ce, tun daga kakan mahaifinsa, wanda ya biyo aikin layin dogon da ya taso daga Baro, ya ratsa Minna, ya isa Kano a 1911.

Tsuntsayen gwara ne, ƙananan nan masu tokar kai. In ta kore su sai su hau katanga su jira. Tana juya baya sai su sauko wa abincin kajinta.

"Sannu da fama," in ji shi.

"Fama kam," ta ce, ba ta ko dube shi ba. "Shekara biyu ke nan ina kiwon gwara, kaji na cin saura. Na rataya tsofaffin faya-fayai, na kafa mutum-mutumi, yanzu a kansa suke hutawa."

Sai ta ɗago, ya ga gajiyar da ke idonta, ya kuma ga idon. Kafin ya gama gyaran ƙyaure ya riga ya yi mata alkawarin raba ta da gwara.

Bayan mako guda ya kawo akwatin kwano mai murfi, da mataki a gabansa. Kaza ta taka, murfi ya ɗaga. Ta sauka, ya rufe. Gwara ko goma suka taru ba su da nauyin motsa shi. Da yamma saƙonta ya shigo wayarsa:

"Maƙerina, yau kajina sun ƙoshi. Allah Ya yi wa hannunka albarka."

Ya mayar mata: "Sarauniyar kaji, ni ma zuciyata irin akwatin nan ce. Ke kaɗai kika taka ta buɗe."

Daɗin bai daɗe ba. Na'ima malama ce a wata firamare a Chanchaga, kuma duk ranar da ta dawo sai ta tarar abincin ya ƙare, ga kashin tsuntsaye har cikin akwatin. Sau uku Zakiyyu yana kwance shi yana sake haɗawa. Ya ƙara wa murfi nauyi, ya sauya maƙalai, ya gwada da dutse, ya gwada da zakara. Bai ga aibi ba, amma abinci bai daina ƙarewa ba.

Duk da haka ya tura kawunsa neman aurenta. Mahaifinta, Malam Mudi, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Yaron da gwara ta kayar har sau uku, shi zan danƙa wa 'yata? Ku je ku huta."

Ana cikin haka Saifuddeen, mai shagon magungunan gona, ya fara zarya a gidan. Ran nan saƙon Na'ima ya zo babu ko sunan wasa:

"Na gaji, Zakiyyu. Na gaji da kare ka a gaban Baba, na gaji da tsintsiya. Saifuddeen ya kawo guba, ran Asabar zai gauraya da tsaki. In akwatinka ba ya aiki, ka faɗa mini gaskiya."

Ya daɗe yana duban wayar. Washegari da hantsi, lokacin da ya san tana makaranta, ya ɗauki kayan aikinsa ya nufi gidan. Ya yi sallama sau biyu ba a amsa ba, sai ya leƙa.

Malam Mudi na zaune bisa tabarma. Murfin akwatin a buɗe, an tokare shi da wata tsohuwar ƙusar layin dogo, tsuntsaye sun yi dafifi a ciki. Tsohon yana ce musu a hankali, "Ku ci. Ba ta nan, amma ku ci."

Da ya ga Zakiyyu bai yi yunƙurin ɓoye komai ba.

"Zauna, yaro," ya ce. "Akwatinka ba shi da laifi. Shekara talatin da ɗaya Talatu, uwar Na'ima, tana watsa musu tsaki kowane hantsi, wai sadaka ce. Ranar da aka kai ta makwancinta ma sun zo, suka yi ta jira a kan katanga. Ka zo ka rufe musu abinci, kana kuma so ka ɗauke mini yarinya. In duk kun tafi, da wa zan yi hantsi?"

"Baba, kun san ran Asabar za a sa musu guba?"

Tsohon ya juya ya dubi tsuntsayen. Bai sani ba.

Zakiyyu ya fita da maganar da za ta wanke shi a hannunsa. Saƙo ɗaya ya isa. Ya rubuta, ya goge, ya sake rubutawa, ya goge. Daga bisani ya aika: "Ki dakatar da gubar nan, don Allah. Ki ba ni gobe kawai."

Ran Juma'a bayan la'asar ya zo da ɗan faranti mai rumfa, irin wanda ake ratayewa a bango.

"Kuskurena ne tun farko," ya ce mata a gaban mahaifinta. "Maƙwabci ba a korarsa, rabonsa ake ware masa. A zuba musu tsaki a nan, su bar wa kaji nasu."

"Wato in ciyar da ɓarayina?" in ji Na'ima. "Iyakar dabararka ke nan? Ka kasa, ka ce ka kasa mana!"

Zakiyyu ya sunkuyar da kai.

Malam Mudi ya dube shi, ya daɗe yana dubansa. Sannan ya sa hannu a aljihu ya fito da ƙusar, ya ajiye a gaban 'yarsa.

"Ga ɓarawon, uwata. Ni ke buɗe musu, saboda mahaifiyarki. Yaron nan ya kama ni jiya, kuma ga shi kina zaginsa ya ƙi tona ni."

Na'ima ta dubi ƙusar, ta dubi katangar, sai ta zauna a ƙasa ta rufe fuska. Da ta yi kukanta ta ƙoshi, ta ce, "Maƙerina, ka yafe mini."

"Sarauniya ba ta roƙon bawanta," in ji shi.

"Bar daɗin baki," in ji tsohon. "Kawo guduma. Kuma ka ce wa kawunka ya dawo."

Da ƙusar aka kafe farantin a bango. Gubar kuwa aka mayar wa mai ita a rufe.

An ɗaura auren bayan ƙaramar Sallah, kuma Zakiyyu ya kama ɗaki gida uku kacal daga na surukinsa. Ran da za a kai amarya, Malam Mudi ya riƙe hannunta ya ce, "Wanda ya rufa wa tsoho asiri, Allah Ya rufa masa nasa. Allah Ya ba ku zuriya mai jinƙai."

Washegari da hantsi tsohon ya fito da tsaki a tafin hannu, sai ya tarar an riga an cika farantin, ga angon nan yana shimfiɗa masa tabarma.