Hatsin Gidan Tururuwa

"Riƙe da kyau, amaryarmu, kada ya faɗi. Wannan hoton Faransa za shi."

Yagana ce ta faɗi haka, da murmushin da bai kai zuci ba. Ta danƙa wa Raishatu hoton a tsakiyar shagon Manzo mai hoto, a bakin kasuwar Tanut. Shi Manzo ya tafi gidan waya ya tambayo ranar da motar wasiƙu za ta tashi zuwa Damagaram.

Raishatu ta duba.

Da farko ba ta ga komai ba sai fili fetal da wata aduwa da ta zubar da ganye. Sannan ta ga tsoho durƙushe a gindinta. Ya tuɓe rawaninsa ya shimfiɗa a ƙasa, kansa a buɗe, furfura a rana. Hannayensa biyu suna cikin ramin tururuwa, tururuwar ta hau masa damatsa, yana tsintar ƙwayar gero yana zubawa a cikin rawanin.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un..."

Mahaifinta ne.

Malam Dado, limamin ƙauyensu a kwarin Tarka, wanda ko ita da ya haifa ba ta taɓa ganin tsakiyar kansa ba.

Ta toshe baki da gefen mayafi.

A shekarar alif ɗari tara da tamanin da huɗu ne, shekarar da Ubangiji ya jarrabi ƙasar Damargu, yankin su Tanut, da riƙe ruwan sama. Rumbuna suka zama wayam, har bayin Allah suka koma tona gidajen tururuwa don ɗan hatsin da ta tara. Amma mai mutunci ba ya yin haka sai da tsakar rana, nesa da gari, lokacin da ya tabbata babu idon da ke kansa sai na Mahaliccinsa.

Shi kuwa Manzo ɗan fataken Damagaram ne. Ya ga Raishatu tun kafin farin, ranar da ya je ƙauyensu ɗaukar hotunan katin shaida. Mahaifiyarsa ta so ya auri Yagana, ɗiyar gwaggonsa, ya kafe a kan Raishatu har aka sa rana. Shirin bikin ne ma ya kawo ta Tanut, gidan ƙanwar mahaifiyarta. Tun zuwanta ba shi da zance sai ɗaya: wani babban baje kolin hotuna a Faransa ya yi shela ga masu hoto na kowace ƙasa su aiko da aikinsu, wanda aka zaɓa za a rataye nasa a bango, duniya ta zo ta gani.

"Ni dai na ce bari in nuna miki," in ji Yagana tana gyara ɗan kunne. "Kada a ce surukin gidanmu ya yi suna a Turai, ɗiyarsa ba ta da labari."

"Kin nuna. Allah ya saka miki daidai da niyyarki."

Yagana ta taɓe baki, ta fice. A ƙofa ta yi kiciɓis da Manzo.

Ya shigo da fara'arsa.

"Raisha! Sanyin idona, yaushe kika..."

Maganar ta maƙale. Ya ga abin da ke hannunta.

"Wa ya ba ki wannan?"

"Wa ya ɗauka?"

Ya waiwaya ya dubi ƙofar da Yagana ta fita.

"Tambayarka nake, Yaya Manzo. Wa ya ɗauka?"

"Ni ne. Amma wallahi daga nesa na hango shi, ina bisa babur. Ban san ko wane ne ba. Sai da na wanke hoton na gane..."

"Ka gane. Sai ka yi me?"

"Raisha..."

"Sai ka ƙara masa girma! Duba sauran, duk kamar tafin hannu suke. Nasa kaɗai ya kai faifai."

Manzo ya share gumi. Ya jawo mata kujera, ba ta ko kalle ta ba.

"Zauna ki saurare ni, abar ƙaunata. Mutanen Turai ba su san halin da muke ciki ba. Hoto guda yana iya taso da motocin hatsi zuwa Damargu. Kuma ina da hotuna da yawa, amma babu mai ƙarfin wannan. Dubi hasken! Dubi yadda hannun..."

"Hasken?"

Ta dube shi kamar yau ta fara ganinsa.

"Ubana yana durƙushe tururuwa na cizonsa, kai haske ka gani?"

"Ba haka nake nufi ba."

"Wace rana ce ka ɗauka?"

Ya kau da kai.

"Ranar da na zo gaishe su... bayan an sa rana."

Raishatu ta dafa bango.

Ta tuna ranar sarai. Tun safe babu ƙwayar hatsi a gidan. Malam ya ce baƙo irin wannan ba zai zo ya koma da ruwa zalla a cikinsa ba. Ya fita kafin azahar, ya dawo da gero ɗan kaɗan, ya ce wani ɗalibinsa ne ya kawo masa. Ita da kanta ta surfa, ta yi ta mamakin yawan ƙasar da ke ciki. Ita ta daka, ita ta dama.

"Furar da ka sha ran nan," ta ce, "har ka ce ba ka taɓa shan mai daɗinta ba... ka san daga ina geron ya fito?"

Fuskar Manzo ta sauya.

"Subhanallahi..."

"Dominka ya durƙusa! Dominka ya tuɓe rawanin da yake jan salla da shi! Kai kuwa kana laɓe kana auna shi da na'ura. Ka gama, ka zo ka zauna a tabarmarsa, ka shanye."

"Ban sani ba, Raisha. Na rantse da Allah ban sani ba!"

"Wancan ba ka sani ba. Da ka ga fuskarsa fa?"



Idonta ya kai kan wata igiya da aka ja daga kusurwa zuwa kusurwa, an rataye baƙaƙen fina-finai suna bushewa.

"Waɗannan fa, me kuke ce musu?"

"Kilishe," ya ce a hankali. "Da bakin Faransanci. Daga su ake fitar da hoton."

Ta yi wata dariya mai ɗaci.

"Kilishi! Ashe sunan bai yi ƙarya ba. Naman mutane kuke yanyanawa ku shanya a igiya, ku aika wa baƙi su ci."

Lalle yarinyar ta tashi a gidan ilimi, ta san da me aka kamanta mai tona asirin ɗan'uwansa a bayan idonsa. Yunwa ba abin kunya ba ce, jarrabawa ce daga Mai kowa mai komai. Amma bawan da ya ɓoye tasa tsakaninsa da Ubangijinsa, sutura ya nema, kuma babu mai ikon yaye ta sai da izininsa.

"Can babu wanda ya san shi," Manzo ya faɗa da ƙaramar murya. "Ko sunansa ba zan sa ba."

"Kai ka san shi."

Ya daɗe yana kallon hoton. Sannan ya miƙa hannu ya ciro wani fim daga igiyar, ya sa almakashi ya yanke gida ɗaya, na hoton Malam, ya miƙa mata.

"Ga shi. Tunda ba kya so, na fasa. Saboda ke, hasken raina. Ko da shi ne zai sa a zaɓe ni, na haƙura."

Ta karɓa. Ta dube shi tana jiran wata kalma.

Kalmar ba ta zo ba.

Har a lokacin idonsa yana kan hoton, irin kallon da makiyayi ke yi wa saniyar da ya sayar ba da son ransa ba. Nan ne ƙyamar ta gama cika mata zuciya. Da a ce kunya ce ta kama shi, da ta yafe tun kafin ya roƙa.

"Saboda ni," ta maimaita. "Da uban wata ne, da tuni yana cikin ambulan."

"Me kike so in yi kuma?"

"Babu. Ka aika sauran, Allah ya ba da sa'a. Kayanku kuma za su dawo muku."

"Raisha! Raishatu! Aurenmu za ki rushe a kan takarda?"

Ba ta waiwayo ba.

A gidan innarta ta jefa hoton da fim ɗin cikin murhu, ta tsaya har suka zama toka. Warin ya sa ta amai a bayan ɗaki. Yagana kuwa ba ta ƙara tayar da zancen ba, domin abin da take nema ya zo mata har gida.

Da Raishatu ta koma kwarin Tarka, labarin fasa auren ya riga ta isa, Malam Dado ya kira ta zaure gab da la'asar.

"Ya zage ki?"

"A'a, Baba."

"Kin kama shi da wata alfasha?"

Ta sunkuyar da kai. Kalma ɗaya za ta wanke ta. Kalmar nan kuma ita za ta sanar da tsohon cewa an gan shi.

"Raina ne kawai bai kwanta ba."

"Ranki! Yaro mai ladabi, mai sana'a, a shekara irin wannan? Na ba mutane magana, kin mai da ni ƙaramin mutum. Me zan ce musu?"

"Ka ce laifina ne."

"Ai naki ne!" Ya miƙe yana kaɗa carbi. "Kin ba ni kunya a idon duniya, Raishatu."

Hawaye suka zubo mata.

"Ka yafe mini, Baba."

Ya juya mata baya. Ladan ya ɗaga murya, Malam ya sa takalmansa ya fita. Ta leƙa ta kafar zana, ta ga mazan gari suna miƙewa tsaye tun daga nesa, suna buɗa masa hanya zuwa gaban sahu.