An Kulle Foldar Umma

Ranar da ya fara ganinta, tana zaune gaban kwamfutar shagon mahaifinta tana dukan teburi da tafin hannu.

"Ba ta jin duka," ya ce daga bakin ƙofa, jakar kayan aiki a kafaɗarsa. "Na gwada a kan da yawa."

Ta ɗago ta dube shi. "Kai ne likitan da aka kira?"

"Mai gyara dai."

"To Likita, ga marar lafiyarka."

Sunan da ya bi shi ke nan. Ita kuwa Auta kowa ke ce mata. Mahaifinta mai hoto ne, shekara talatin yana ɗaukar fuskokin mutane, amma matarsa, Umman Auta, har ta koma ga Allah ba ta yarda da kyamara ba. 'Yan hotuna da bidiyon da ya sace mata ba ta sani ba suna cikin wata folda mai suna Umma. Kullum da safe, kafin a share shago, sai ya buɗe ta ya zauna yana kallo.

Likita ya daɗe yana bincike, sannan fuskarsa ta canja.

"Baba, wa ya sa muku wannan manhajar gyaran hoto?"

"Ɗan wana. Kyauta ya samo ta a intanet."

"Da ɓarawo ta zo a cikinta. Tirojan ake ce masa. Yana shigowa cikin abin da mutum ya buɗe wa ƙofa da kansa, ya kwanta shiru har ranar da masu shi za su tashe shi. A cire ta, a wanke kwamfutar gaba ɗaya. Wannan faifan ajiyar kuma ku riƙa zare shi in kun gama kwafa. Duk abin da ke jone, cutar za ta ci."

Baba ya dafe faifan. "Abin da aka zare shi ke ɓata. Shekara biyar yana nan bai taɓa ciwon kai ba."

Ɗan wan nasa, wanda Auta ke kira Yaya, yana jingine da bango. Ya daɗe da sa rai a kanta, kuma bai ji daɗin yadda ta yi dariya ɗazu ba.

"Baffa, haka suke," ya ce. "Sai sun ƙirƙiri ciwo su sami aiki."

Share ƙura kawai Baba ya yarda a yi. Da Likita zai fita, ya miƙa wa Auta wani ɗan filashi shuɗi.

"Ki kwafe foldar Umma a nan, ki ajiye nesa da kwamfutar. Yau, ba gobe ba."

Ta ce to. Ta karɓi lambarsa, wai ko da matsala za ta taso.

Matsalar ba ta taso ba, amma saƙo ya yi ta tasowa.

"Likita, marar lafiyarka tana gaishe ka. Mai jinyar ma haka."

"Ki ce mata ina nan tafe. Mai jinyar nake son gani, amma kar ki gaya mata. Kin kwafa?"

"Kai dai ba ka iya zancen soyayya ba sai da kwafa a ƙarshe. Kyautarka tana jikin makullina, ko'ina na je da ita nake zuwa, Likitana."

Ya karanta ya yi murmushi, ya ɗauka amsa ce. Ita kuwa ta ɗauki filashin kyautar masoyi, tana shafa shi, tana cewa gobe. Wata uku ana haka, har ya fara yi wa iyayensa maganarta.

Wata safiya Baba ya kunna kwamfuta don ya gaida Umma, sai allon ya fito ja. Duk fayil ya canja suna, ko ɗaya ba ya buɗuwa. Hotunan bukukuwan mutane da ba a kai ga wankewa ba, foldar Umma, har faifan ajiyar da ke jone, duk an kulle. A tsakiya ga rubutu: a biya fansa cikin kwana uku, ko a rasa komai.

Likita ya iso da gudu. Ya zare intanet, ya zare faifan, ya duba iya dubawa.

"Baba, masu garkuwa da fayil ne. Ba ni da makullin, kuma ba zan yi muku ƙarya in ce ina da shi ba. Kar ku biya. Ba su da alƙawari."

Baba ya dube shi da jajayen idanu. "Kai ka taɓa ta ƙarshe. Ka faɗi abin da zai faru tun bai faru ba. Ta ina ka sani?"

"Tambayar da nake yi ke nan, Baffa," in ji Yaya.

Baba ya nuna wa Likita ƙofa. "Fita mini daga shago. 'Yata kuma ka manta hanyarta."

Likita ya ɗauki jakarsa ya fita. Abin da ya fi korar da aka yi masa ciwo shi ne saƙon Auta da ya same shi a hanya.

"Don Allah ka gaya mini gaskiya. Kai ne?"

Ya tsaya gefen titi ya daɗe kafin ya rubuta: "Ba ni ba ne, Auta. Na so a ce ba sai na faɗa ba. Ki hana Baba biya. Ki kai masa filashin, Umma tana ciki."

Ta karanta, ta kife wayar.

Yaya ya nace a biya. Baba ya sayar da babbar kyamararsa, wadda ya fi so duk cikin kayan aikinsa, aka tura kuɗin. Makulli bai zo ba, sai wani rubutun na neman ƙari. Washegari tafiyar gaggawa ta taso wa Yaya, wayarsa kuma ta daina shiga. Masu hotunan biki suka yi ta zuwa, wasu da zagi, wasu da kuka. Baba ya daina cin abinci sosai. Da safe sai ya zauna gaban kwamfutar a kashe, a daidai lokacin da ya saba.

A kwana na takwas Auta ta shigo shagon Likita. Ta cire filashin daga makulli ta ajiye a teburinsa.

"Babu komai a ciki. Ban kwafa ba. Ni na rasa mana Umma, sannan na zo ina tuhumarka."

Ransa ya ɓaci ƙwarai, amma ya ga kukan da take yi ya ishe ta hukunci. Ya jawo mata kujera.

"Share hawayenki. Kafin hotunan su shiga kwamfuta, ina suke?"

"A memorin kyamara. Amma Baba yana gogewa in ya kwafa. In sun tsufa ya jefa a wani gwangwani, shi ba ya zubar da kayan aiki."

"Kawo mini gwangwanin. Gogewa suna kawai take cirewa. Hoton yana nan kwance sai an ɗora wani a kansa."

Kwana tara ya yi yana bin memori ɗaya bayan ɗaya. Yawanci bukukuwan baƙi sun hau kan Umma sun binne ta. Wasu hotunan suka fito rabi, sauran toka-toka. Abin da ya tsira daga zaman shekara talatin, hoto uku ne da bidiyo ɗaya mai daƙiƙa goma sha ɗaya.

Da kansa ya kai, duk da an kore shi. Ya durƙusa ya gaida Baba, ya ajiye wayarsa a gabansa ya danna.

Umma ce a bakin ƙofar ɗaki, ta kare fuska da hannu tana dariya.

"Malam, ka sauke abin nan. Ranar auren Auta zan tsaya ka ɗauke ni son ranka."

Baba ya danna ya sake ji. Ya sake, ya sake. Auta ta juya ta fuskanci bango, kafaɗunta na motsi.

"Sauran fa?" Baba ya tambaya.

"Sun tafi, Baba. Zan wanke kwamfutar tas. Faifan da aka kulle a ajiye shi, ko Allah zai sa wata rana a sami makullinsa, amma ban yi muku alƙawari ba."

"Tun farko ba ka yi mini alƙawarin ƙarya ba." Ya share ido da hannun riga. "Ka gaya mini gaskiya na kore ka. Ka yafe mini, ɗana. Ka turo magabatanka."

Bikin bai yi armashin da aka so ba. Shagon bai gama farfaɗowa ba, kujerar uwar amarya kuma babu kowa a kai. Bayan an ɗaura aure, Baba ya fito da tsohuwar ƙaramar kyamarar da ta rage masa, ya tsayar da ango da amarya. Ya miƙa wa Auta hoton Umma da aka wanke babba, ta rungume shi a ƙirji.

"Matsa kusa da ita, Likita. Ɗago Ummanki kaɗan, Auta."

Ya sa ido a kyamara, ya daɗe bai danna ba.

"Ta ce za ta tsaya," ya ce a hankali. "Ga ta ta tsaya."

Ya danna. Sannan ya sauke kyamarar ya dafa kawunansu.

"Allah ya yi muku albarka, ya tsare muku abin da kuke so, ya bar ku tare har tsufa. Ita kuma Allah ya kai haske kabarinta."

Suka amsa da amin.