Aron Muryar Baba

"Ɓarawon murya ne!"

Abin da Baba ya rubuta ke nan, ya turo mini takardar har gahawarsa ta zube.

"Haba Baba! Tilman fa bai roƙa ba, masu fim ɗin ne suka neme shi..."

Ya fizge takardar ya ƙara layi: "Ko ni, ko shi, Frauke."

Shekara arba'in Baba Ekkehard yana fitowa a finafinan Italiya da Faransa. Duk fim ɗin da aka kawo Jamus, shi da kansa yake shiga ɗakin ɗaukar sauti ya ɗora muryarsa da Jamusanci, bai taɓa yarda wani ya yi magana da bakinsa ba. Sai ga aikin maƙogwaro ya raba shi da magana ana dab da ɗora wa fim ɗinsa na ƙarshe murya. Duk faɗin Berlin kuma aka rasa wanda za a ɗauka ya yi muryarsa sai saurayina Tilman!

Na rasa inda zan sa kaina. Na kira Tilman ina kuka.

"Ka ajiye aikin nan, don Allah."

"In na ajiye wani za a ba, rabin raina. Wanda bai taɓa zama da shi ba."

"To in ka yi, ka rasa ni!"

"Kina nufin haka?"

"Ban sani ba... wallahi ban sani ba!"

Ranar da aka nuna wa ma'aikata fim ɗin, Baba ya sa kwat ya ce sai ya je ya ga ɓarnar da idonsa. Na zauna tsakaninsa da Tilman, kowa ya sha kunu.

Fuskar Baba ta cika bango, ta buɗe baki. Muryarsa ce sak, har ɗan jan numfashin nan da yake yi kafin ya kira suna. Wata takwas rabona da jin ta. Na juya dama, ga Baba bakinsa a rufe. Na juya hagu, ga Tilman yana kallon takalminsa.

Aka kunna fitila. Baba ya daɗe yana rubutu a takarda. Ya tsallake ni ya miƙa wa Tilman.

Tilman ya karanta, launin fuskarsa ya canza.

"Ranka ya daɗe, ni zan faɗa?"

Baba ya buga masa sanda a ƙafa.

Tilman ya ja numfashi, sai muryar mahaifina ta fito daga bakinsa:

"'Yar lelena, na yi miki son kai. Ki aure shi, na sa albarka. Amma ka daina haɗiye ƙarshen kalma, yaro!"

Na fashe da kuka da dariya lokaci guda.

"Na gode, Baba..." na faɗa, ina kallon wannan ina kallon wancan, na rasa wanda zan fara runguma.