Masunci Mai Ƙafa Ɗaya

A kasuwar Birnin Kebbi, shekarar da ruwa ya ɗauke tun gero bai fid da kai ba, Kalilu ya fara ganin Ma'u. Masunci ne daga Argungu, ya kawo bandar kifi. Ita kuwa ɗiyar Malam Maliki ce, mai karantar da littattafai a zaurensa, an aiko ta cefane.

Ta ɗaga tarwaɗa ɗaya ta shinshina. "Wanga kifi ya ga wuta, ko labarinta kawai ya ji?"

Ya yi ta dariya har masu ciniki suka gaji suka wuce.

Tun daga ranar, duk mako sai ya bi ta ƙofar gidansu. Yana ce mata Hasken ido, tana ce masa Sarkin ruwa. Magabatansa har sun sa ranar zuwa gaisuwa, sai motar da ya shiga ta kife a hanyar Argungu. Ya farfaɗo a asibiti a Sakkwato, ƙafarsa ta dama babu daga gwiwa.

Wata huɗu yana kwance a ɗakin mahaifiyarsa, Inna Kulu. Yana jin abokansa suna wucewa gulbi da gora da homar kamun kifi, shi ko buta sai an miƙo masa. Sannan saƙo ya zo: Malam Maliki ya ce ba ƙiyayya ba ce, amma da me Kalilu zai ci da iyali? Wani akawu ma, Maigandi, ya fara zuwa zance wurin Ma'u.

Kalilu ya rubuta da ajami: "Ma'u, ki bi maganar Baba. Ba ni da abin da zan ba ki. Ki mance da ni."

Amsa ta zo ta hannun wani direba: "Sarkin ruwa, ashe ƙafa nike so ban sani ba? In ka gaji da ni ka faɗi gaskiya, kar ka laɓe bayan Baba. Ba ni iya zuwa, ba ni iya yi mai gardama. Addu'a kaɗai nike iyawa, kuma ban fasa ba."

Ya kifa kai ya yi kuka kamar ransa zai fita.

"Inna, mi na yi ma Allah?"

"Tuba, Kalilu," in ji ta, ita ma hawaye na zuba. "Ban san dalili ba, kai ma ba ka sani ba. Amma shi ya bar ma hannu biyu. Ga ruwa, la'asar na wucewa."

Ya yi salla a zaune. Bai ji wani sauƙi ba ranar, haka washegari. Sai dai ya daina tambaya, ya sa aka kawo masa zare ya fara saƙa homa. Ta farko babu wanda ya saya.

Bayan damina ya dogara sanda ya shiga mota zuwa Birnin Kebbi. Ya zube gaban Malam Maliki, gumi na keto masa.

"Baba, ban taho gardama ba. In kun ba Maigandi, Allah shi sa albarka. So nike in ji daga bakinku."

"Da mi za ka riƙe ta?"

"Ina saƙa homa. Ba ta kawo abin da kifi ke kawowa. Sauran ban sani ba, Allah shi ya sani."

Daga bayan ƙyauren cikin gida ana jin shessheƙar kukan Ma'u.

"Shekara talatin ina karantar da tawakkali," in ji Malam a hankali, "yau ya zo har zaurena, na kusa korar shi. Turo magabatanka."

An ɗaura aure bayan an yanke shinkafar Zauro. Da yamma aka kai amarya Argungu. Kalilu ya yunƙura zai tarbe ta, sanda ta zame, Ma'u ta yi wuf ta riƙe kafaɗarsa.

"Zamna," ta ce. "Ai na iso."

Daga bakin ƙofa Inna Kulu ta ɗaga hannu sama. "Allah shi ba ku zaman lafiya, shi sa ku tsufa tare."

Mata suka amsa da amin, guɗa ta tashi.