Malamar Da Ba Ta Ba Da Amsa

Rahmat tana aji biyar a wata makarantar firamare a Lafiya. Kullum ita ce ta ɗaya. Dabararta guda ce. Malami ya rubuta a allo, ta kwafa, ta haddace, ranar jarrabawa ta juye.

Ana nan sai aka kawo sabuwar malamar kimiyya daga Agyaragu. Sunanta Anti Mwuese. Tun ranar farko matar ba ta kwanta wa Rahmat ba. Ba ta cika allo da rubutu. Tambaya ce kawai a bakinta.

Ranar nan ta tambaye su: idan aka turara shinkafa aka shanya, ruwan da ke jikinta ina yake zuwa?

Rahmat ta ɗaga hannu da sauri. Ai turara shinkafa sana'ar mamarta ce.

"Ƙasa ce take shanye shi, Anti."

Anti Mwuese ba ta ce daidai ba, ba ta ce kuskure ba. Ta yi murmushi.

"To idan a kan tamfol aka shanya fa? Ki je ki duba, ki zo ki faɗa mana."

Rahmat ta zauna tana harararta ta ƙasan ido. Wannan wace irin malama ce? Da aka fita tara, ta ja ƙawarta Sailuba gefe.

"Wallahi matar nan ba ta san amsar ba. Mu take so mu nemo mata."

Sailuba ta ce anya kuwa? Rahmat ta ce ta zuba ido ta gani.

Daga ranar Rahmat ta sa wa malamar ido. Ta lura ba ta zuwa da babban littafi. Ta leƙa jakarta, ta hango kofuna da leda da guntun soso. Malama ce ko mai talla? Wata rana kuma wani yaro ya yi tambaya, Anti ta ce, "Ban tabbata ba, mu gwada mu gani." Shi ke nan, Rahmat ta samu abin da take nema.

Kafin mako ya ƙare zancen ya zagaye ajin. In Anti ta yi tambaya, sai yara su yi tsit suna kallon juna. Wasu har suna ƙunshe dariya.

Rahmat ba ta tsaya nan ba. Ta gaya wa babanta, Malam Na'Allah, cewa an kawo musu malamar da ba ta san komai ba. Ta ce in aka ci gaba haka duk faɗuwa za su yi. Baban yana cikin kwamitin iyayen yara. Ransa ya ɓaci, washegari ya tafi wurin hedimasta. Hedimasta ya ce daga Litinin za a cire Anti Mwuese daga aji biyar, a bincika takardunta.

Ranar Juma'a Anti ta shigo idanunta sun yi ja. Ta yi darasinta a hankali, ta fita. Rahmat ta lura, amma ta share.

Ranar Asabar Mama ta turara shinkafa, ta baza a kan tamfol a tsakar gida. Ta ce Rahmat ta zauna ta riƙa juyawa, ta kori kaji.

Rahmat tana juyawa, tambayar nan ta dawo mata. Ta ce bari dai ta tabbatar da gaskiyarta. Ta ɗaga gefen tamfol tana sa ran ganin laima. Ƙasa a bushe ƙarau! Ta zaga ɗaya gefen, ta cusa hannu har tsakiya. Ko ɗigo babu. Ga shinkafa kuma tana ta bushewa.

To wa yake kwashe ruwan?

Ta shiga kicin ta ɗauko farar leda. Ta ɗebi jiƙaƙƙiyar shinkafa ta zuba, ta ɗaure bakin, ta ajiye a rana. Mama ta ce wane irin wasa ne wannan da abinci? Rahmat ta roƙe ta ta bari.

Can an jima ta duba. Saman ledar ya cika da ƙananan ɗigon ruwa. Ruwan sama yake tashi, ba ƙasa ba!

Sai ta tuna wani layi da ta haddace a aji huɗu: zafin rana yana mai da ruwa tururi ya tashi sama. Ta rubuta shi a jarrabawa, ta ci maki duka. Amma ko sau ɗaya ba ta taɓa haɗa shi da shinkafar Mama ba.

Ashe Anti ta san abin da take yi. Kunya ta kama ta, ta fashe da kuka. Ta ɗauki ledar ta kai wa babanta, ta gaya masa komai.

Malam Na'Allah ya daɗe yana kallon ledar.

"Kin sa na je na ɓata sunan baiwar Allah a kan zato. Litinin tare za mu je, kuma da bakinki za ki gyara."

Haka aka yi. Baba ya ba hedimasta haƙuri, ya janye ƙararsa. Rahmat ta tsaya gaban aji. Ta ɗaga ledar ta nuna musu ɗigon ruwan. Ta ce ita ta ƙirƙiro zancen nan, kuma ba gaskiya ba ne.

"Anti, ki yafe mini. Amma don Allah, me ya sa ba ki faɗa mini amsar tun ranar ba?"

"Da na faɗa miki, da kin haddace," in ji Anti Mwuese. "Amma a zuciyarki kina nan a kan ƙasa ce take shanyewa. Yanzu da kika gani da idonki, wa zai iya cire miki shi?"

Hedimasta ya ce Anti tana nan a aji biyar. Yara suka yi ta tafi.

Rahmat ta koyi abu biyu. Haddacewa daban, ganewa daban; mutum yana gane sabon abu ne idan ya haɗa shi da abin da ya sani, ya kuma gwada da kansa. Sannan ba a yanke wa mutum hukunci a kan zato.

Kafin a tashi ta sake ɗaga hannu.

"Anti, to in ruwan ya tashi sama, ina yake tsayawa?"

Anti Mwuese ta yi murmushi. "Ke me kike gani?"

Ajin ya kwashe da dariya. Rahmat ma ta yi dariya, ta juya tana kallon gajimare ta taga.