Ɓarawon da Ya Mayar da Ƙofa

Da safiyar ranar buɗe falale, matan Kitimbe suka shiga teku da tsinkunan ƙarfensu da bokitai, suka tarar an riga su. Watanni ke nan da gari ya haɗa baki aka rufe falalen dutsen nan da ke fitowa idan ruwa ya janye, don pweza ta samu sararin girma. Pweza, halittar nan mai hannuwa takwas da ke zama cikin ramin dutse, ita ce miyarmu, ita ce suturarmu. Amma ramukan gefen kudu duk wayam suke. Ga ɓawon ƙaguwa sabo a bakin kowane rami, shaidar mai ɗaki ta ci abinci kwanan nan, ita kuwa ba ta nan.

Kafin Saje Mbaruku ya iso bakin teku, gari ya gama shari'a. Mu mutanen Kitimbe ba ma ɓata lokaci wajen neman ɓarawo, domin mun riga mun san ba namu ba ne. Ƙofofinmu a buɗe suke kwana, kuma shekara da shekaru ofishin 'yan sanda bai rubuta sunan ɗan gari ko ɗaya da laifi ba. Duk baƙon da ya zo sai mun gaya masa haka tun bai gama shan ruwa ba. In akuya ta ɓata, direbobi ne. In koma ta ɓata, masunta baƙi ne. Shi kansa Mbaruku, ɗan gari ne, abokansa na birni suna yi masa ba'a cewa albashin shan iska yake ci.

An ja kwale-kwalen Faki Kombo zuwa tudu. Faki mutumin tsibirin Pemba ne, ya zo da damina ya kafa bukka a ƙarshen gaɓa tare da matarsa, kuma ban da wannan kwale-kwale ba shi da komai a duniya. Wani saurayi na tsaye kusa da shi da galan ɗin kananzir.

“Saje, koma ka huta, mun kama shi,” in ji Baba Shebani, shugaban kwamitin falale.

“Wa ya gan shi, Baba?”

“Sai an gan shi? Shekaranjiya Juma'a ruwa ya janye sosai da rana tsaka. Duk namijin garin nan yana masallaci, sai shi kaɗai.”

“Wa ke gadin falale ranar?”

“Juma'a ai ranar mata ce. Gwaggonka Mwajabu ce, kuma ka san idonta ba kamar da ba. Bayan la'asar za mu ƙona jirgin, na baya su ji labari.”

“Doka ba ta ba ku wannan ba.”

“Doka ba ta cin pweza, yaro.”

Mbaruku ya dubi taron. Shi kaɗai ne a ofis ranar, ba kuma zai iya tare gari guda da sanda ɗaya ba. Abin da ya samu kawai shi ne alkawarin ba wanda zai taɓa ashana sai an sallame la'asar.

Ya tarar da Faki zaune a inuwar jirginsa, hannunsa ɗaya dafe da katakon.

“Ina kake ranar Juma'a?”

“A ruwa, Yallaɓai. Iska ta mutu mini can tsakiya, sai yamma na iso.”

“Kana da shaida?”

“Allah da kifi.”

“Yaya kake kama pweza?”

“Kamar kowane namiji. In nutse, in sa ƙarfe in ɓalle dutsen, in ciro ta. Sun ce wai mu 'yan Pemba da asiri muke kiranta tana fitowa. Yallaɓai, dubi wandon nan nawa. Ya yi maka kama da na mai asiri?”

Mbaruku bai yi dariya ba, ko da yake ta zo masa. Ya naɗe ƙafar wandonsa ya kira Hamduni, gwanin nutso na gari, wanda muryarsa ta fi ta kowa tashi a maganar ƙonawa. An san ba sa ga maciji da Faki tun da suka yi cacar baki kan wurin ɗaure jirgi, don haka shi ma Mbaruku bai cire shi daga zargi ba. Suka taka zuwa gefen kudu kafin ruwa ya dawo.

Saje ya tsuguna a ramin farko, ya daɗe yana kallo. Dutsen bai fashe ba. A bakin ramin an jingina wani ɗan faffaɗan dutse, an bar kafar da yatsu biyu za su shiga. Rami na gaba ma haka, na gabansa ma haka. A wani ramin ya ga ƙaramar pweza ba a taɓa ta ba. A wani kuma ya leƙa ya ga babba kwance kan ƙwanta, ita ma an ƙyale ta.

“Hamduni, nutsa mini nan bakin zurfi ka duba ramukan ƙasa.”

Hamduni ya sa tabaransa na ruwa ya nutse. Da ya ɗago sai ya ce, “Cike suke. Akwai wadda ta kai cinyata.”

“Da kai ne ɓarawon, za ka bar su ka zo kana tsintar na sama?”

“Ni mahaukaci ne? Na ƙasa ai su ne kaya.”

“Kana mayar da dutse bakin rami in ka gama?”

“Wane rami? In na gama da shi ai babu rami.”

Da wannan amsa ya wanke kansa, ya wanke abokin gabarsa, bai ma sani ba. Mbaruku kuwa ya san inda ya koyi jingina dutse haka. Amma ya ce a ransa mata da yawa ne ke tafiya falale da ƙafa.

Daga nan ya biya rumfar Sudi, mai akwatin ƙanƙara, wanda duk pwezar garin ke bi ta hannunsa zuwa birni.

“Akwai wanda ya kawo maka kaya kafin yau?”

“Ko hannu ɗaya ban gani ba, Saje. Kuma da an kai wa na garin gaba da na ji, tare muke hayar mota. Ɗanyar pweza ba ta jira. Ko ni, ko ƙudaje.”

“In ba a sayar ba fa?”

“Sai a daka ta a shanya. Amma warinta zai tona mutum, sai dai in yana da abin da ya fi ta wari a gida.”

Abin da ya fi ta wari shi ne ciyawar teku da mata ke nomawa suna shanyawa a kan ragaya. Gidaje kaɗan ne ke da ragayar a cikin shinge, ba a bakin gaɓa ba. Mbaruku ya san ɗaya daga cikinsu tun yana rarrafe.

Gwaggo Mwajabu ƙanwar mahaifinsa ce, ita ta riƙe shi bayan rasuwar uwarsa. Ya same ta a tsakar gida tana kankare kwakwa. Ba ta je kallon jirgi ba.

“Ɗan nan, ka shigo da kayan sarki gidan uwarka? Zauna in zuba maka shayi.”

Ta miƙa hannu ta ɗauki buta, mayafinta ya zame. Duk wanda pweza ta taɓa nannaɗe wa hannu ya san tabon da take bari, zagaye-zagaye a jere daga wuyan hannu zuwa gwiwa. Na matan da ya gani da safe ja ne, na ɗazu. Na Gwaggo ya riga ya yi duhu, ya fara ɓacewa.

“Gwaggo, kin kama wani abu yau?”

“Ban ko shiga ruwa ba. Ƙafata ke damuna.”

“To wannan na yaushe ne?”

Ta dubi hannun nata. Ba ta ja mayafin ta rufe ba. Ta gama zuba shayin, ta ajiye butar.

“Ka je falalen?”

“Na je. Na ga an mayar da ƙofa.”

“Hannu ne, ɗan nan. Ba ya jin magana. Uwata ta ce in ka ɗauki mai ɗaki ka gyara wa mai zuwa, kada kifin maciji ya shige. Ina yi ina cewa kaina, ke Mwajabu, sata kike yi, bar gyaran nan. Ban iya bari ba.”

“Me ya sa, Gwaggo?”

“Ramukan kudu uwata ce ta gyara su, ni na ci gaba. Tun ba a haifi Shebani da kwamitinsa ba. Da aka zo da maganar rufewa ni na fara ɗaga hannu, na yi gadi cikin rana. Ranar buɗewa ta bara me ya faru? Kafin mu masu ƙafa mu isa, su Hamduni sun riga mu da jirage tun ruwa bai gama janyewa ba. Suka kwashe, suka farfasa. Na dawo da guda biyu, na zauna ina gyaran ramuka kamar mai ɗinke tsumma. Na yi magana a taro, aka yi dariya aka ce tsohuwa ta ƙara sauri. Bana na ce nawa zan ɗauka kafin su zo.”

“Za su ƙona jirgin Faki bayan la'asar.”

Ta ture kwakwar gefe.

“Na ɗauka za a ce baƙi ne, a yi surutu a watse, kamar kullum. Ban san baƙon zai yi suna da mata ba.”

Mbaruku ya ji tausayinta har ya rasa inda zai sa idonsa. Ya kuma ji haushinta, domin tun safe ta san abin da ake shiryawa, tana zaune tana kankare kwakwa. Ita ce ta tashi ta ɗage ciyawar da ke kan ragaya, ta fara tattara busasshiyar pweza cikin buhu.

Da aka sallame la'asar gari ya hallara. Saje ya tsaya tsakanin jirgin da mai galan, ya yi bayani a taƙaice. Mai nutso ba ya barin na zurfi ya tsinci na sama. Mai nutso fasa rami yake yi, waɗannan kuwa ba a fasa ko ɗaya ba, har an mayar musu da ƙofa. Ɓarawon da zai wuce ba ya barin ƙanana da mai ƙwai, sai wanda ke sa ran dawowa baɗi. Ba a sayar da kayan ba, ke nan suna cikin gari. Kuma a lokacin da aka ɗebe su, mutum ɗaya ne ke da ikon tsayawa a falale ba wanda zai tambaye shi.

Bai kai ga kiran suna ba, Gwaggo Mwajabu ta ratso mutane ta ajiye buhun a gaban Baba Shebani.

Mai galan ya mayar da shi bayansa a hankali. Baba Shebani ya gyara hula, ya yi gyaran murya, muryar tasa ta koma mai laushi.

“To, ai wannan maganar gida ce. Saje, ba sai an kai ofis ba. Tsohuwa ce, uwa ce ga kowa. Kada a ɓata sunan gari a kan abin da bai kai ya kawo ba.”

Mutane suka fara gyaɗa kai. Mu ne dai waɗanda da safe muka ga abin ya kai na ƙona jirgi. Mbaruku ma, ba zan ɓoye ba, ransa ya so wannan mafita.

“Shebani, da safe abin ya kai ya kawo,” in ji Gwaggo. “Me ya rage masa nauyi, sunana?” Ta juya ga Saje. “Ɗan nan, mu je ka rubuta ni. Ka rubuta dalilina ma, yadda na gaya maka, don na gaji da faɗarsa a taro ana dariya. In Kitimbe ta samu ɓarauniya ɗaya tata ta kanta, ƙila ta daina aron na wasu.”

Hamduni ne ya fara sa kafaɗa a jirgin, wasu suka taya shi, aka mayar da shi ruwa. Faki ya tafi bukkarsa, ya dawo da tabarma da tukwane, matarsa na biye da ƙunshin kaya.

“Ba sai ka tafi ba, an wanke ka,” in ji Mbaruku.

“Na gode, Yallaɓai. Gaskiyarku ne, garinku ba ɓarayi, ƙofata ma a buɗe take kwana. Amma wata rana akuya za ta ɓata, kuma ba kullum ne ɓarawo ke mayar da ƙofa ba.”

Gwaggo ta ɗauko manya biyu daga buhun ta miƙa wa matar Faki. Matar ta dube ta, ta dubi pwezar, ta ce a bar wa masu gari kayansu.

Saje da gwaggonsa suka kama hanyar ofis, yana rage sauri saboda ƙafarta. A bakin ƙofa ya juya ya hangi filafilan jirgin ya yi nisa. Ya share ƙurar da ke kan teburin, ya ja mata kujera, sannan ya tambaye ta cikakken sunanta, kamar bai sani ba.