Ranar da Nas Ta Manta Auta

Ƙarfe biyar na yamma Nas ta turo ƙofar falo, jaka a kafaɗa, idanunta sun yi ja don gajiya. Inna, uwar mijinta, ta leƙa bayanta, ta sake leƙawa.

"Ina Auta?"

Jakar ta sulale ƙasa. Innalillahi! Tun ƙarfe uku ya kamata ta ɗauko yarinyar daga gidan raino. Awa goma ta yi a tsaye a asibiti, ta fito ta hau mota, sam abin ya shige mata!

Ta juya da gudu, sai ga mijinta, Injiniya, a bakin ƙofa, Auta a kafaɗarsa tana ajiyar zuciya. Sau tara mai raino ta kira wayar Nas kafin ta neme shi.

Inna ta tafa hannu. "Yau na ga abin da ya ishe ni! Ko kaza ba ta manta 'ya'yanta. Gobe ta ajiye aikin nan, ko ni in bar muku gidan!"

Nas ta dubi mijinta ko zai ce wani abu. Ya sunkuyar da kai.

Nas ta shige ɗaki. Wata uku ke nan kullum sai ta kulle kanta a siton asibiti ta sha kuka, ta wanke fuska, ta koma tana yi wa marasa lafiya murmushi. Ba wanda ta gaya wa.

Tana cikin rubuta takardar ajiye aiki, Injiniya ya shigo.

"Da gaske za ki bari?"

"Wallahi ina son 'ya'yana, ina son aikina. Kaina ne ya cika, Baban Auta. Na gaji!"

"To me ya hana ki faɗa?"

"Ka taɓa tambaya?"

Maganar ta soke shi. Ya fita ya durƙusa gaban mahaifiyarsa.

"Inna, ki gafarce ni. Ofis ɗina ya fi kusa da gidan rainon, amma sai yau na san ƙofarsa. In laifi ne, nawa ya fi."

"Lallai an wanke an ba ka ka sha!" Inna ta kaɗa zani ta shige.

Mako uku ba ta amsa gaisuwar surukarta ba, ita kuwa Nas ba ta fasa durƙusawa kowace safiya ba. Injiniya ya karɓi ɗauko yara, ya kuma raka ta wurin likitar ƙwaƙwalwa. Can aka koya mata faɗin damuwarta, da cewa "yau ba zan iya ba", da hutun rabin awa idan ta dawo daga aiki.

Wata Laraba tana kwance, Auta ta shiga dukan ƙofa tana ihu. Nas ta yunƙura za ta tashi, sai ta ji muryar Inna:

"Ke, bar uwarki ta huta! Zo in goya ki. Ita ma 'yar wani ce."

Nas ta koma ta kwanta, hawaye na bin kuncinta, tana murmushi.

Haƙuri ya yi mata rana. Amma haƙuri ba shi ne haɗiye ciwo ba. Uwar da ta ce ta gaji ba ta gaza ba, hannu take nema a kama mata.